Shirin komawa tsarin ICD-11 a Najeriya

ICD-11 shi ne bugu na 11 na kundin rarraba cututtuka na ƙasa da ƙasa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, take kula da shi. Kundin yana bai wa kowace cuta, rauni ko sanadin mutuwa lamba ta musamman, domin a iya kwatanta abin da aka rubuta a asibitin Kano da na Alƙahira ko Landan. An fitar da shi ranar 18 ga Yunin 2018, Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da shi a watan Mayun 2019, kuma ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Ƙudurin taron ya ba ƙasashe aƙalla shekara biyar na rikon ƙwarya kafin su bar ICD-10. Najeriya na cikin ƙasashen da wannan sauyi ya shafa, sai dai babban aikinta ya fi ƙarfin canza lambobi a kwamfuta, domin lamba ba ta samuwa sai an fara rubuta cutar daidai.

Asali

Kundin ya samo asali ne daga jerin sanadin mutuwa da Bafaranshe Jacques Bertillon ya jagoranci tsarawa a 1893. WHO ta karɓi ragamarsa a 1948 da bugu na shida, wanda ya fara haɗawa da cututtukan da ba su kai ga mutuwa ba. An amince da ICD-10 a 1990, ƙasashe suka fara amfani da shi daga 1994.

Abin da ya canza

Tsarin lambar kansa ya sauya. A ICD-10 lamba tana farawa da harafi sai alƙaluma biyu, a ICD-11 kuwa gurbi huɗu ne, na biyunsu kullum harafi. Maleriyar da ƙwayar falciparum ke jawowa ta tashi daga B50 ta koma 1F40, cutar sikila daga D57 zuwa 3A51, nau'i na biyu na ciwon suga daga E11 zuwa 5A11. An cire haruffan I da O saboda kada a rikita su da 1 da 0. Ana kuma iya haɗa lambobi biyu ko fiye da alamar & ko /, misali a nuna cewa karaya a ɓangaren hagu take. Manhajar asibitin da aka gina ta karɓi harafi ɗaya da alƙaluma biyu za ta ƙi irin wannan lamba, don haka sai an gyara ta.

An ƙara sababbin babi kan garkuwar jiki, matsalolin barci, lafiyar jima'i da maganin gargajiya. Wasu cututtukan kuma an canza musu gida. Shanyewar ɓarin jiki, wadda a da take babin zuciya da magudanar jini, yanzu tana babin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wanda ya kwatanta jimillar babi da babi kafin sauyi da bayansa zai ɗauka mace-macen ciwon zuciya sun ragu, alhali ba abin da ya ragu. Shi ya sa ake ba da shawarar a yi wani lokaci ana sa wa bayanai iri ɗaya tsohuwar lamba da sabuwa tare.

Sauyi irin wannan ba ya sauri ko a ƙasashe masu kuɗi. Amurka ta fara amfani da ICD-10 wajen mace-mace a 1999, amma asibitocinta da kamfanonin inshora ba su koma kansa ba sai 1 ga Oktoban 2015, bayan an ɗaga wa'adin fiye da sau ɗaya. A watan Mayun 2024 WHO ta ce ƙasashe da yankuna 132 suna matakai daban-daban na karɓar ICD-11, 14 ne kawai suka fara tattara bayanai ko kai rahoto da shi.

Takardar shaidar mutuwa

A nan ne gizo ke saƙar. Rahoton da WHO ta fitar a 2021 ya nuna cewa a yankinta na Afirka mutuwa ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista. A Najeriya dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma a watan Nuwamban 2023 gwamnati ta ƙaddamar da tsarin rajista na zamani ta intanet. Amma mutane da yawa a gida suke rasuwa, kuma a Arewa akan yi jana'iza cikin 'yan sa'o'i, ba tare da likita ya ga mamacin ba. Mutuwar da ba ta shiga takarda ba, babu bugun kundin da zai ƙirga ta.

Ko a asibiti ma akwai sauran aiki. Fom ɗin da WHO ta tsara yana son likita ya jera abin da ya faru daki-daki, daga abin da ya kashe mutum nan take har zuwa cutar da ta fara jawo lamarin, kuma wannan ta ƙarshe ita ake ƙirgawa. A ɗauki macen da ta haihu, jini ya ɓalle mata, har zuciyarta ta tsaya. Idan likita ya rubuta tsayawar zuciya kaɗai, bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi komai ba, tunda kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya. Idan ya rubuta zubar jini bayan haihuwa, za a sa lamba JA43, matar ta shiga lissafin mata masu mutuwa wajen haihuwa, wanda da shi ake neman kuɗin ajiyar jini da horar da ungozoma. WHO tana da manhaja mai suna DORIS da ke zaɓo asalin sanadin mutuwa daga abin da aka cike, sai dai abin da likita ya ba ta shi take tacewa. Saboda haka horar da likitoci cike wannan fom ya kamata ya riga sayen kwamfuta.

Ma'aikata da kayan aiki

Masu sa lambar su ne jami'an adana bayanan marasa lafiya, waɗanda mutane suka fi sani da masu ba da kati, kuma suna da hukumar da ke yi musu rajista. An gina ICD-11 ne don a yi aiki da shi a kwamfuta, ba a buɗe manyan littattafai kamar da ba. Ana iya girka shi a kwamfutar asibiti ya yi aiki babu intanet, amma ba ya aiki babu wuta. Ƙananan asibitoci kuwa jimillar wata suke aikawa zuwa manhajar DHIS2 ta ƙasa, wato adadin masu maleriya ko gudawa, ba bayanin kowane majinyaci ba, don haka daga asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha ya fi dacewa a fara.

Akwai kuma batun iko. Manyan asibitoci na tarayya ne, na tsakiya na jihohi, ƙananan kuma suna ƙananan hukumomi 774, ga masu zaman kansu. Majalisar Lafiya ta Ƙasa ce ke haɗa ministan lafiya da kwamishinonin jihohi, can ne za a iya tsayar da rana ɗaya. Inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta mai da wajibi, na iya zama abin da zai fi tura asibitoci, domin asibitin da ba za a biya shi ba sai ya sa lamba daidai zai koya da wuri. Haɗarinsa shi ne a riƙa zaɓar lambar da ta fi kawo kuɗi.

Harshe

ICD-11 yana samuwa da harsunan Majalisar Ɗinkin Duniya shida da wasu ƙari, Hausa ba ta cikinsu. Da Turanci ake rubuta fayil a Najeriya, amma da Hausa majinyaci yake bayani a Katsina ko Gusau, kuma kalmominmu ba su yanka cuta yadda kundin ya yanka ta ba. Kalmar shawara tana iya nufin rawayar ido a jariri, ko ciwon hanta, ko zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa, kowanne da lambarsa. Haka zazzaɓi da ciwon ciki da sanyi.

Wannan ya fi tsanani a binciken sanadin mutuwa ta baki, inda ake zuwa gida a yi wa iyalin mamaci tambayoyi kan alamomin da suka gani. Hukumar Ƙidaya ta yi irin wannan bincike kan mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2014 da 2019, kuma tambayoyin WHO na 2022 an daidaita su da ICD-11. Idan mai tambaya a Sakkwato ya fassara tambayar jijjiga da wata kalma, na Bauchi ya yi amfani da wata, amsoshin uwaye biyu da 'ya'yansu suka mutu da cuta ɗaya za su kai ga lamba biyu. Fassara ɗaya da aka gwada a karuruwan Hausa daban-daban tana cikin shirin, kamar yadda horar da likita yake ciki.

Babi na 26 na maganin gargajiya bai taɓa wannan matsala ba. Ya fara da tsarin da ya samo asali daga tsohuwar Sin, wanda ake amfani da shi a Sin, Japan da Koriya, daga baya aka ƙara Ayurveda, Siddha da Unani. Sunayen cututtuka na wanzamai da masu magani na ƙasar Hausa ba su da gurbi a ciki, kuma ba a amfani da babin wajen ƙirga sanadin mutuwa.