Sauro Bai San Ranarsa Ba

Duk mai wayar hannu a Herwagana ya san cewa a wannan zamani gari ba ya wayewa sai da sunansa. Kafin ladan ya sauke kiran assalatu, saƙo ya riga ya shigo: yau ranar kaza ce ta duniya, Allah ya maimaita mana. Ranar 21 ga Mayu ta shayi ce, ranar 23 ga watan ta yaƙi da yoyon fitsari ce. Ranar 22 ga Agusta ta shinkafa dafa-duka ce, ranar 26 kuwa ta harshen Hausa. Duka a faifai ɗaya ake kawo mana su, da zane iri ɗaya, da furanni iri ɗaya, da gaisuwa iri ɗaya, har ta kai idon mutum ya daina bambance ranar da aka ware domin raha da wadda aka ware domin hawayen wata baiwar Allah da mijinta ya guje ta saboda larurar da ta same ta wajen haifa masa ɗa. A nan ne muka ga ya wajaba mu ce uffan, domin shiru a kan irin wannan ya fara kama da yarda.

Tun da farko, kada mai karatu ya ɗauka cewa mu maƙiya wasa ne. Bahaushe bai taɓa rasa ranakun nishaɗi a cikin shekararsa ba, kuma ba Bature ne ya koya masa ba. A watan Cika-ciki akwai wasan shara, inda taubasai ke bin juna kuɗin shara, jika ya tsokani kakarsa ta tsokane shi. Idan azumi ya kai goma, yara su fito tashe, su kwaikwayi mai rowa da maƙetaci da gwauro, a yi dariya, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Amma a lura da abu guda: kowace rana a tsarin iyayenmu tana ɗauke da aikinta a ka. Ranar Cika-ciki tuwo ake yi mai yawa domin ya isa maƙwabci da almajiri. Ƙaramar Salla ba ta cika sai an auna zakkar fid-da-kai an miƙa wa mabuƙaci kafin a tafi idi. Naman layya rabo ake yi. Ko tashen ma, wanda wasa ne tsantsa, gyaran hali yake yi, domin wanda aka kwaikwaya ya san da shi ake. Kuma ba a taɓa jin wanda ya shiga gidan makoki ya ce barka da shan ruwa ba.

To, yanzu a dubi abin da ake yi da ranar 25 ga Afrilu. Wannan rana ba daga Turai aka auno mana ita ba. A Abuja aka haife ta, ranar 25 ga Afrilu, 2000, lokacin da shugabannin Afirka suka taru suka yi alkawarin rage mace-macen zazzaɓin cizon sauro da rabi kafin shekarar 2010. A 2007 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da ita ta duniya baki ɗaya. Alkawarin 2010 ya zo ya wuce, kuma rahotannin hukumar na shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duk duniya a Nijeriya suke, galibin masu mutuwa kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Rana mai irin wannan tarihi, yaya ake karɓar ta? A buga riguna da huluna masu hoton sauro, a yi ɗan tattaki a kan kwalta da safe kafin rana ta yi zafi, a shiga zauren otal mai sanyi, babban baƙo ya karanta jawabin da wani ya rubuta masa da Turanci, a raba lemo da kuɗin zama, a ɗauki hoto. Da yamma hoton ya hau Facebook, a ƙarƙashinsa an rubuta barka da ranar zazzaɓi. Barka da me? Da zazzaɓin?

Sauron da ke cikin kwatamin Herwagana bai samu takardar gayyata ba. Abin da ya sani shi ne ruwa mai kwanciya, a tsohuwar taya, a fasasshen tulu, a ramin da aka haƙa aka yi bulo aka bari, a magudanar da ledar ruwa da shara suka toshe. A nan macen take zuba ƙwai, kuma idan da ɗumi, cikin kamar kwana goma sun zama sauraye masu tashi. Abin takaicin shi ne, ranar ta faɗo daidai lokacin da ya fi dacewa da aiki, wato ƙarshen bazara, ana gab da faɗuwar damina. Da a ce kuɗin rigunan nan shebur da baro da manjagara aka saya da su, aka ba matasan kowane lungu, mai unguwa ya tsaya a kai, da ranar ta bar abin da za a nuna a watan Agusta. Amma shebur ba ya kyau a hoto, kuma mai yashe kwata ba a kiran sa babban baƙo.

Haka zancen yake ga ranar ruwa, 22 ga Maris, wadda aka fara yi a 1993. Madatsar Dadin Kowa tana kwance a kan kogin Gongola, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 daga cikin gari ba, amma wane magidanci ne a tsofaffin unguwannin Gombe bai san farashin jarka a hannun mai kura ba, musamman a watan Maris ɗin da zafi ke kai wa maƙura? Sannan ranar 15 ga Oktoba a tara 'yan firamare a koya musu wanke hannu da sabulu a gaban kyamara, da ruwan da aka zo da shi a mota, a koma da bokitin bayan an gama. Ranar 19 ga Nuwamba kuma ta bayan gida ce, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2013, mutane na jin sunanta su yi dariya. Jihar Jigawa ba ta yi dariya ba. A 2022 ta zama jiha ta farko a Nijeriya da aka tabbatar ta rabu da bahaya a fili, kuma masai aka haƙa ƙauye bayan ƙauye kafin a kai ga haka.

Akwai masu cewa a watsar da ranakun nan gaba ɗaya, wai duk al'adar Nasara ce. Hukuncin addini mun bar wa malamai, su ne masu shi. Amma ta fuskar hankali ba mu tare da su. Ware rana domin tunatarwa ba ibada ba ce, kamar yadda ranar kasuwa ba ibada ba ce. Dabara ce ta tara hankalin jama'a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ɗauki ranar 19 ga Yuni, ta amosanin jini, wato sikila. An ƙiyasta cewa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da wannan cuta a Nijeriya duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da ƙwayar halittarta ba tare da ya yi ciwo ba. Idan biyu masu ɗauke da ita suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da mai cutar. Wannan lissafi ne da limamin Juma'a zai iya bayyanawa cikin minti biyar, kuma gwajin jini ɗaya kafin a kai kuɗin gaisuwa zai iya tsare gida daga shekara ashirin na jinya. Wanda ya ce a jefar da ranar da za ta sa a yi wannan magana, ya je ya kwana ɗaya a ɗakin da yaro ke kukan ciwon ƙashi, sannan ya dawo mu yi muhawara. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da irin wannan rana biki, a rufe ta a zauren da iyayen yaran ba sa shiga, a yi ta da harshen da ba sa ji.

Su kansu waɗanda suka ƙago wasu daga cikin ranakun sun ga irin wannan ɓarna da idonsu. Anna Jarvis, 'yar Amurka, ita ta fara ranar uwa a 1908 domin tunawa da mahaifiyarta, gwamnatin ƙasarsu ta amince da ita a 1914. Da masu sayar da furanni da katin gaisuwa suka mamaye ranar, sai matar nan ta ƙare sauran rayuwarta tana yaƙi da abin da ta haifa, har ta rasu a 1948 ba ta da komai. Mu kuwa sai muka tsallake asalin muka ɗauko ɓawon. Saurayi ya liƙa hoton mahaifiyarsa a waya da dogon kirari, alhali tsohuwar tana cikin gida ba ta san an yi ba, kuma rabonsa da ya ɗebo mata ruwa ko ya durƙusa ya gaishe ta da safe an kwana biyu.

Ranar 1 ga Afrilu ba ta cancanci dogon bayani ba. Wasan da gaba ɗayansa ƙarya ne, a kira mutum a ce ɗan'uwansa ya yi haɗari a hanyar Bauchi, ba wasa ba ne a garin da ya san abin da irin wannan kira yake nufi.

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu na wannan sashe, akwai ranaku biyu da suka shafe mu kai tsaye, kuma a kansu ne za a fi auna mu. Ranar harshen uwa, 21 ga Fabrairu, da jini aka saye ta. A ranar ne, a 1952, 'yan sanda suka harbe ɗalibai a birnin Dhaka saboda sun nemi a amince da harshensu na Bangla, kuma domin tunawa da su ne hukumar UNESCO ta ware ranar a 1999. Ta biyun ita ce ranar Hausa, wadda ɗan jarida Abdulbaƙi Jari ya assasa tare da abokansa a kafofin sada zumunta a 2015, ta kuma bunƙasa har ana yin ta a ƙasashe da dama. Madalla da wannan. Sai dai a wurare da yawa an taƙaita ta ga babbar riga da rawani da fura a ƙwarya da gasar karin magana, kamar dai Hausa wani tsohon kayan tarihi ne da ake fitowa da shi daga adaka sau ɗaya a shekara a kakkaɓe. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare; a watan Nuwamba na 2025 aka soke wannan tsari aka koma Turanci. Muryoyi nawa aka ji daga cikin masu rawanin 26 ga Agusta? Ga yara nan a makarantun Herwagana da Kumbiya-Kumbiya da Jekadafari, a gwada ba ɗan aji huɗu shafi ɗaya na Hausar boko a ga ko zai raba ƙ da k, ko ɗ da d. Ɗalibi ɗaya na wannan sashe da zai zauna da yara goma a zaure duk Asabar daga ranar Hausa zuwa ranar harshen uwa, wata shida ke nan, ya fi wa harshen amfani a kan taron da aka yanka wa sa.

Sai abin da ya fi ci mana rai. Kalandar da ake turo mana ta san ranar 17 ga Yuli, wai ranar 'yan zane-zanen fuskar nan da ake liƙawa a saƙon waya. Amma ba ta san ranar 16 ga Yuli ba. A wannan rana ce, a 2015, da yamma, ana jajibirin Ƙaramar Salla, bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwar Gombe, suka hallaka kusan mutum 50, mafi yawansu sun fito sayayyar Salla ne. Kafin nan, ranar 22 ga Disamba, 2014, an yi na tashar Dukku. Can baya kuma ga ambaliyar watan Agusta na 2004, wadda ta ci rayuka da gidaje a cikin garin nan, ta kuma nuna mana abin da kwazazzabai da toshe hanyar ruwa ke iya yi. Waɗannan ranakunmu ne, a ƙasarmu aka rubuta su, kuma babu wata majalisa a Amurka ko Turai da za ta ware mana su, ba kuma aikinta ba ne. Marayun da kasuwa ta bari a 2015 sun girma a tsakaninmu. Wa ya san adadinsu? Wa ya san wanda ya bar makaranta a cikinsu?

Ba mu nemi hutu ba, ba mu nemi gunki ko fure ba, domin ba haka muke tuna mamaci ba. Addu'a ce, da zumunci, da duba abin da ya bari. Abin da muke kira gare shi ƙarami ne, kuma ya dace da sana'ar wannan sashe, wadda ita ce tattara magana daga bakin mutane a adana ta. A tura ɗaliban da ke neman batun kundin kammala karatu su shiga kasuwa da unguwannin da ke kewaye da ita, Herwagana na ciki, su zauna da shugabannin 'yan kasuwa da masu unguwanni da iyalan da suka yarda su yi magana, su rubuta sunayen waɗanda suka rasu da abin da kowannensu ya fito saye ko sayarwa a wannan yammaci, tun masu tunawa suna raye. A ajiye kwafi ɗaya a ɗakin karatu, ɗaya a fada, ɗaya a hannun 'yan kasuwa, domin idan 16 ga Yuli ta zagayo a san gidajen da za a kai wa gaisuwa da ɗan hatsin Salla.