Sharhi: Gurbi Ya Fito, 'Yan Majalisa Sun Ce A Jira Baɗi



Jami'o'i sun fara sakin sunaye, yara suna ta leƙa shafin CAPS na hukumar JAMB a waya, gidaje da dama kuma sun koma taƙaddamar da aka saba. Yaro ya nemi injiniyancin lantarki ko na kwamfuta, makinsa bai kai ba, sai aka ba shi gurbi a injiniyancin noma, ko na albarkatun ruwa, ko na sarrafa ƙarafa. Ko ya karɓa, ko ya ƙi ya zauna gida shekara guda. Kafin ya buɗe baki, 'yan majalisa sun yanke masa hukunci.

'Yan majalisar unguwa nake nufi, masu zaman benci bayan La'asar. Su ne za su tare uban yaro: "Haba Alhaji, kamar kai a ce ɗanka noma ya tafi karantawa? Ya sake JAMB baɗi mana, shekara kwana ce." Mai wannan magana bai taɓa taka tsangayar injiniya ba. Suna kawai yake ji. Ba shi zai sayi fom ba, ba shi zai biya kuɗin lesin ba, ba shi zai riƙa ganin saurayi kwance a soro da hantsi yana latsa waya ba.

Ɗan majalisa bai gaya wa Alhaji cewa makin JAMB na shekara ɗaya ne ba. Wanda ya ci 240 bana, baɗi daga sifili zai fara. Zai sake zaman Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, ya kara da yaran da suka fito sakandare da zafinsu, kuma babu wanda ya yi masa alkawarin maki zai ƙaru. Digirin injiniya shekara 5 ne, in komai ya tafi daidai. A 2022 yajin aikin malaman jami'a kaɗai ya ci wata 8. Ƙin gurbin nan sakin reshe kama ganye ne, amma ɗan majalisa ko a jikinsa.

Kuma me ake gudu? A galibin jami'o'inmu, aji ɗaya da mafi yawan aji biyu tare ake yin su. Lissafi ɗaya, zanen injiniya ɗaya, ɗakin gwaji ɗaya. In an gama, duk a hukumar injiniyoyi ta COREN ake rajista, duk Injiniya ake kiran su. Sunan kwas ɗin ne kawai bai yi wa majalisa daɗin faɗa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kwas ɗin ruwan da ake rainawa. Mu fa a Arewa da ruwan dam muke noman rani. Dam ɗin Tiga tun 1974 yake, shi ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa. Ga Bakolori, ga Goronyo, ga Challawa. A watan Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, kowa ya ga ambaliyar da ta sami Maiduguri. Waye zai riƙa duba bangon waɗannan madatsu, ya auna yashin da ya taru a gindinsu, ya gyara magudanan ban-ruwa? Aljanu? Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashe sukutum na albarkatun ruwa da muhalli, amma yaron da aka tura can sai a riƙa yi wa ubansa jaje. Su waɗannan 'yan majalisar ne kuma za ka ji suna kuka in kwandon tumatir ya yi tsada.

Ban ce kowa ya karɓi abin da ransa ba ya so ba. In yaro ya dage sai lantarki, akwai hanya: ya shiga IJMB, ko ya yi difloma a kwalejin fasaha, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Wannan karatu ne. Zaman gida da sunan "ina shiri" ne ban yarda da shi ba.

Iyaye, don Allah kafin yaro ya danna "na ƙi", ku kama hannunsa ku je sashen da aka ba shi. Ku nemi malami guda ku tambaye shi abin da ake koyarwa da inda waɗanda suka gama suke aiki. Ku kuma 'yan majalisa, ku ji tsoron Allah, ku tsaya kan hirar ƙwallo da siyasa, ku bar 'ya'yan mutane su tafi makaranta.