Tikitin ADC na 2027: Atiku zai iya cin zaɓen fidda gwani, can kuma matsalar take

Tun da gamayyar 'yan adawa ta rungumi jam'iyyar ADC a watan Yulin 2025, tare da ɗora David Mark a kujerar shugabancin riƙo, aka fara wani lissafi mai daɗin faɗa. A zaɓen 2023 Bola Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku Abubakar miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1. A haɗa na biyu da na uku, in ji masu lissafin, an wuce miliyan 13, an gama da APC. Sai dai ƙuri'a ba buhun masara ba ce da za a kwashe daga rumbun wani a zuba a na wani.

Idan ta wakilai za a yi zaɓen fidda gwani, da wuya wani ya ja da Atiku. Tun 1993, a taron SDP na Jos, yake wannan fage, ya kuma san yadda ake tara wakilai jiha bayan jiha. A 2022 ya kayar da Nyesom Wike da ƙuri'a 371 ga 237. Abin da ya biyo bayan wannan nasara shi ne abin dubawa. Obi ya fice daga PDP kwanaki kaɗan kafin taron, gwamnoni biyar ƙarƙashin jagorancin Wike suka juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya, aka shiga zaɓe da rarrabuwar kai. Hujjarsu ita ce karɓa-karɓa: ɗan Arewa ya yi shekara takwas, juyi ya koma Kudu. Wannan hujja za ta fi kaifi a 2027, domin Kudu za ta ce shekara huɗu kacal ta ci daga rabonta. Ga kuma shekaru: Atiku zai cika tamanin a Nuwamban 2026.

Obi ya fahimci haka, shi ya sa yake alkawarin wa'adi ɗaya, wato ya kammala rabon Kudu ya miƙa wa Arewa a 2031. Tayin na da ma'ana, amma alkawarin baka ne, tsarin mulki bai ɗaure kowa a kansa ba, kuma 'yan siyasar Arewa ba su manta da takaddamar da aka sha a kan wa'adin Goodluck Jonathan ba. Babbar nakasar Obi tana cikin sashe na 134, wanda ya wajabta samun kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Mutumin da ya kayar da Tinubu a Legas bai samu ƙuri'a dubu talatin a Kano ba, inda Rabi'u Kwankwaso ya tasam ma miliyan guda.

Rotimi Amaechi, wanda ya zo na biyu a zaɓen fidda gwanin APC na 2022 da ƙuri'a 316, ya fi kama da wanda za a koma wa idan manyan biyu suka kasa jituwa.

Masu kwatanta wannan tafiya da haɗakar 2013 suna tsallake abu guda. A Disambar 2014 Muhammadu Buhari ya samu 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, kuma waɗanda suka faɗi ba su watse ba, saboda kowa ya san wanda ke riƙe da ƙuri'a miliyan goma sha biyu. ADC ba ta da irin wannan mutum. Atiku da Obi kusan kunnen doki suka yi, kowannensu na ganin shi ya cancanci a yi wa mataimaki.

Alamu sun fi nuna Atiku ne zai karɓi tikitin. Obi ya taɓa yi masa mataimaki a 2019, amma a lokacin ba shi da rundunar matasan da ke binsa yanzu, kuma da yawansu sun fito ne domin adawa da tsofaffin 'yan siyasa irin Atiku. Ko da Obi ya amince da kujera ta biyu, babu tabbas za su bi shi rumfar zaɓe.