Gasar Share Fagen Wasan Dats Da Abin Da Ya Kamata Kaduna Ta Koya

A watan Disamba na shekarar 2025, wani likitan dabbobi daga ƙasar Kenya mai suna David Munyua ya hau dandamalin Alexandra Palace da ke birnin Landan, ya fuskanci Mike De Decker na ƙasar Beljiyam a zagayen farko na gasar duniya ta wasan da Turawa ke kira darts. An ci shi zubi biyu a jere, har masu sharhi sun fara yi masa bankwana, sai ya farfaɗo ya cinye zubi uku da suka rage. Shi ne ɗan Kenya na farko da ya taɓa shiga wannan gasa, kuma wanda ya kayar ɗin shi ne zakaran gasar World Grand Prix ta 2024. Shugaba William Ruto da kansa ya aika masa da saƙon taya murna. A zagaye na biyu Kevin Doets na Holan ya fitar da shi, amma ya koma gida da fam 25,000.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne hanyar da ta kai shi Landan. Munyua ya samu gurbinsa ta gasar share fage ta nahiyar Afirka, gurbin da shekara da shekaru galibi 'yan Afirka ta Kudu irin su Devon Petersen da Cameron Carolissen ke ɗauka. Ya shiga, ya jefa, ya ci, aka ba shi kujera. Babu takardar wani babba a cikin lamarin.

Kafin in yi nisa, ya kamata in yi wa mai karatu bayanin wasan, domin har yau ba mu tsayar masa da suna a Hausa ba, kuma wannan ya shafi fagen da nake ci da shi. Wasu kan ce wasan jifa da kibiya, sai mai sauraro ya zaci harbin baka ake nufi. Wasu kan ce wasan jifa kawai, wanda ya yi faɗi da yawa, tunda jifan mashi da jifan faifai duk jifa ne. Ni na zaɓi in ara kalmar in ce dats, kamar yadda muka ari fenariti da gola da kofi ba tare da Hausa ta yi ciwon kai ba, sannan abin da ake jefawar in kira shi 'yar kibiya. Idan ma'aikatan rediyo suka fito da abin da ya fi wannan daɗi a baki, zan bi su.

Allo ne zagayayye mai gida ashirin, ana rataye shi yadda tsakiyarsa za ta kasance mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa kuma ya tsaya a tazarar mita 2.37. Kowane ɗan wasa na farawa da maki 501, yana jefa kibau uku a kowane zuwa, ana ɗebe abin da ya samu har ya kai sifiri. Akwai siririn zobe a ciki da ke ninka makin gida sau uku, da wani a baki da ke ninkawa sau biyu, kuma dole kibiyar ƙarshe ta faɗa zoben ninki biyu ko tsakiyar allo. Mafi yawan abin da kibau uku za su kawo shi ne 180. Wanda ya rage masa 141 zai lissafa a tsaye, cikin daƙiƙa kaɗan, cewa ashirin sau uku da sha tara sau uku da sha biyu sau biyu za su kai shi gida. Ƙwararru na son su bar wa kansu 32, domin idan kibiya ta kauce ta faɗa gidan 16, saura 16, ana iya neman takwas sau biyu, haka abin zai yi ta rabuwa biyu. Malaman lissafi na firamare da ke fama da yara kan jadawalin ninki su duba wannan da kyau.

Babbar ƙofar shiga sahun ƙwararru ita ce gasar da hukumar PDC ke shiryawa a farkon kowace shekara tun daga 2011, wadda ake kira Q-School. A 'yan shekarun nan ana yin ta a wuri biyu, Milton Keynes a Ingila da Kalkar a Jamus. Duk wanda ya kai shekara 16 ya biya kuɗin rajista yana iya shiga. Ɗaruruwan mutane ne ke taruwa, direbobi da magina da ɗalibai da tsofaffin zakaru, ana fafatawa kwanaki a jere, waɗanda suka yi fice a kowace rana da waɗanda suka fi tara maki su samu katin wasa na shekara biyu. Mutum 128 kaɗai ke riƙe da katin. Idan wa'adinka ya cika ba ka cikin 64 na sama, sai ka dawo layi. A 2021 Raymond van Barneveld na Holan, wanda ya ci kofin duniya sau biyar, ya so dawowa bayan ya yi ritaya, kuma sai da ya bi wannan layin kamar kowa kafin ya karɓi kati. Ina so masu shirya mana tawagogin wasanni su sake karanta jimlar da ta gabata.

Mu a nan mun san yadda akan yi. Ana saura 'yan makonni a tafi gasa sai a ji an kira sansani, sunaye su fito daga aljihun wani, a tafi, a dawo, a watse sai wata shekara. Yaron da ke Kawo ko Badarawa ko Unguwar Dosa, ko da hannunsa ya fi na kowa saiti, bai san ranar da ake gwaji ba, bai san wurin ba, bai san wanda zai tambaya ba. Kaduna kuwa gari ne mai tarihin wasanni: ta karɓi baƙuncin Bikin Wasanni na Ƙasa a 1977 da kuma 2009, tana da filin wasa na Ahmadu Bello da dandalin Murtala, ga holo da ake bugawa tun zamanin Turawa. Akwai ma hukumar dats ta ƙasa. Amma wasan ya maƙale a kulob-kulob na manyan ma'aikata da wuraren shaƙatawar hafsoshi, inda talaka ba ya shiga. Na taɓa ganin allon a wani kulob cikin GRA, ya yi ƙura, an rataya masa kalanda a fuska.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba. Wasan ya girma ne a gidajen giya na Ingila, 'yan kallo a Alexandra Palace da kofuna a hannu suke ihu, sannan kamfanin caca na Paddy Power ne ya ɗauki nauyin gasar da Munyua ya buga. Uban da ke ganin yadda shagunan caca na ƙwallo suka cinye aljihun matasa yana da hujjar ɗar-ɗar. Sai dai allo da kibiya ba su da alaƙar jini da kwalba. Bahrain ta fara karɓar gasar ƙwararru a 2023, kuma a Janairun 2026 an yi irinta a Riyadh ta ƙasar Saudiyya ba tare da giya ba. Ƙwallon ƙafa ma da kamfanonin giya da na caca aka yi ta tallata shi a Turai, ba mu fasa bugawa ba. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓi wurin da za mu rataya allon, a makarantu da cibiyoyin matasa da harabar filin wasa, kuma a rubuta a dokar gasa tun ranar farko cewa duk wanda aka kama da sa kuɗi an kore shi.

Shawarata ga ma'aikatar da ke kula da matasa da wasanni a jiha ba ta bukatar kwangila. A samar da alluna a 'yan wurare a Malali da Unguwar Rimi da Kawo da Tudun Wada, a sa rana guda a kowane wata, a buɗe wa kowa, maza da mata a rukuninsu, har da masu jifa daga kan keken guragu. A rubuta makin kowa a manna a bango, a karanta a rediyo. A ƙarshen shekara waɗanda suka fi maki su ne tawagar jiha, ko ɗan wane ne ya faɗi. Wasa ne da alƙali ba ya iya murɗe shi, domin kibiya tana nan a inda ta caka kowa na gani. Daga nan sai a nemi hukumar ƙasa ta bayyana a fili yadda zakaran Nijeriya zai kai ga gasar share fage ta Afirka, da wanda zai biya masa kuɗin jirgi.

Ban ce za mu fitar da irin Luke Littler ba, yaron Ingila da ya ci kofin duniya a Janairun 2025 yana da shekara 17, ya sake ci a 2026 ya ɗauki fam miliyan 1. Shi tun yana ƙarami yake hawa matakan gasar yara da ta matasa ɗaya bayan ɗaya. Mu matakin farko ne ba mu kafa ba. Idan ma'aikatar ta ga abin ya yi mata ƙanƙanta, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na malaman jami'a za su iya fara shi da kuɗin da bai kai na liyafar cin abinci guda ba, kuma ni na ɗauki alkawarin allo ɗaya da kibau tara ga makarantar sakandaren gwamnati ta farko a Kaduna ta Arewa da shugabanta ya ware wa wasan ɗaki.