Asirin Wa Ake Rufewa?

Idan aka yi wa yarinya fyaɗe a unguwar Adjamé ko Treichville da ke Abidjan, maganar farko da ke fita daga bakin manyanmu ita ce: "A kashe maganar a gida." Sai a shimfiɗa tabarma, a kira liman da dattawan unguwa, dangin mai laifi su ajiye kuɗin magani, a ce wa uwa, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah." Yarinyar tana ƙuryar ɗaki, ba wanda ya tambaye ta. Wannan muke kira rufin asiri, alhali asirin namijin kaɗai aka rufe. Gobe zai buɗe shagonsa a kasuwar Forum, ita kuwa ko ɗibar ruwa ta fita sai an nuna ta da baki.

Masu kare sulhu suna cewa komisariya wahala ce. Gaskiya ne. Shekara da shekaru 'yan sanda sun yi ta mayar da mata su kawo takardar likita, wadda a lokacin kuɗinta kan kai sefa 50,000. Mai tallar aloko ina za ta samo su? Ga tambayoyin cin fuska: me kika je yi ɗakinsa, wane kaya kika sa? Dokar laifuka ta 2019 ta yanka wa fyaɗe ɗaurin shekara 5 zuwa 20, amma ita ce kuma ta ɗauka cewa matar aure ta yarda, sai in an tabbatar da akasin haka. Wannan zalunci ne a rubuce.

Sai dai wahalar hukuma hujja ce ta raka yarinya, ba ta ɓoye ta ba. Tun 21 ga Disamba 2021 doka ta ce a karɓi ƙara ko babu takardar likita, alƙali kuma yana iya ba da umarnin kariya cikin awa 24. Ɗan sandan da zai kori yarinya ita kaɗai ba zai kori dattijo mai rawani ba. Don haka dattawan da ke taruwa don sulhu, su tashi su kai ta asibitin Treichville tun kwana uku ba su cika ba, lokacin da maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki, daga nan su wuce komisariya su zauna har a rubuta ƙarar.