Teku Na Cin Tsofaffin Ganuwoyin Turawa A Ghana

A shekarar 1979 ne Hukumar UNESCO ta sa ganuwoyin da Turawa suka gina a gaɓar tekun Ghana cikin kayan tarihi na duniya. Shekara guda bayan haka igiyar ruwa ta rushe babban sashe na ganuwar Keta, wadda mutanen Denmak suka gina a 1784, kuma har yau tekun bai daina cin gaɓar ba.

Al'amarin ya shafe mu. Ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka kafa a 1482 don tsare mashigar jiragen ruwa da cinikin zinariya, ta zama kurkukun bayi. Da ta faɗa hannun Ingila a 1872, sojojin Hausa da aka ɗauko daga Ikko na cikin masu tsaronta, watau tarihin kakanninmu na cikinta, mai daɗi da marar daɗi.

Elmina na samun gyara domin masu yawon buɗe ido na kawo kuɗi. Ƙananan irin ta Keta kuwa an bar su da teku, kamar yadda muka bar ganuwar Zariya da masu gine-gine.