Rashin Sani Ba Ɗaya Ga Janairu Ba Ne

Duk wanda ya duba katunan dattawan Kawo, Badarawa ko Unguwar Shanu zai ga da yawansu wai ranar 1 ga Janairu aka haife su. Alhali a gida aka haife su, ba a yi musu rajistar haihuwa ba, abin da suka riƙe kawai shi ne "shekarar da aka kashe Sardauna", wato 1966, ko "da kaka, bayan babbar Sallah". Manhajar da ke gaban ma'aikacin rajista kuwa ba ta matsawa gaba sai an cike gurbin rana da wata da shekara, ga layi har bakin titi, sai ya zuba abin da ya fi sauƙi. Ita ma na'ura tana yin haka da kanta: kwamfutoci masu yawa daga 1 ga Janairu 1970 suke fara ƙirga lokaci, don haka idan aka mayar da gurbin da ba a cike ba sifili, wannan ranar ce za ta fito. "Ban sani ba" daban, "babu" daban, sifili kuma daban, manhajar da ta cakuɗa su ƙarya take ajiyewa.

Da can wannan ƙarya ba ta cutar da kowa, domin kowane ofishi da kundinsa. Amma tun da Babban Banki ya kawo lambar tantance masu asusun banki, BVN, a 2014, aka kuma wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, NIN, a Disamba 2020, kundayen suna duba juna. Tsohuwar da banki ya ba ta wata rana, wurin katin ɗan ƙasa aka ba ta wata, ita za a ce bayananta sun saɓa. Ita za ta bi kotu neman takardar rantsuwa, ta biya kuɗin gyaran kuskuren da ba ita ta yi ba.

Masana manhaja za su ce lissafin fansho da shekarun ritaya ba ya yiwuwa sai da cikakken kwanan wata. Haka ne, amma ana iya yin lissafi da ƙiyasi, a kuma rubuta ƙarara cewa ƙiyasi ne. Ƙa'idar duniya ta rubuta kwanan wata, ISO 8601, ta yarda a sa shekara kaɗai, kuma rajistar Aadhaar ta Indiya tana bambanta ranar da aka tabbatar da takarda, da wadda mutum ya faɗa da baki, da ta kintace. Wasu kuma za su ce barin gurbi a buɗe ƙofa ce ga malalacin ma'aikaci da mai rage shekaru. Ai ba a ce a bar shi fanko ba, a sa zaɓin "ba a sani ba" wanda sai an danna da gangan. Mai rage shekaru ma ya fi samun mafaka inda ƙiyasi da tabbas suke kama ɗaya.

Saboda haka hukumomi da bankunan da ke ba da kwangilar manhaja su sa sharaɗi a rubuce: kada wani gurbi ya cika kansa a ɓoye, kuma kada a rufe asusun kowa don ƙiyasi biyu sun saɓa. Iyaye kuma su yi wa jarirai rajista a Hukumar Ƙidaya tun suna goye, don kada jikoki su gaji wahalar kakanni.